Noti Na Biyar

Tsakanin Aliero da Jega taya ta saki,
albasa buhu goma sha biyu a bayana,
rana ta take tsakar kai.
Na kafa jak, na ɗora sifana.
Noti na farko ya juya, na biyu ya bi shi,
na uku da na huɗu suka ɗan yi gardama suka sauko.
Na biyar ya ce shi a nan aka yanke masa cibiya.

Na taka da ƙafa. Nomau ya hau ya yi tsalle,
yaron da bai fi nauyin kwando ba.
Muka shayar da notin baƙin mai, muka ba shi dutse,
har bakin sifana ya wage kamar mai hamma,
ta zame, ta tafi da fatar yatsuna biyu.
Ɗantani mai faci, Allah ya shirye ka,
kai da bindigar iskar da kake ɗaure taya
kamar ba mai kwancewa sai ranar tashin ƙiyama.

Sai la'asar wani mai tirela ya tsaya,
ya zaro ƙarfe ya fi kamu ɗaya,
ya danna da hannun hagu, na dama yana amsa waya.
Ƙiiƙ.
Shi ke nan fa.
Mai kaya ya zaftare mini dubu huɗu, wai albasa ta sha rana.

Da safe na isa rumfar Arzika, bayan tasha.
Ya shimfiɗa mini uku a kan buhu.
Na farko sai ƙyalli, ina ganin haƙorana a jikinsa,
dubu shida, mara nauyi kamar karan dawa.
Na biyu gwanjo ne, baƙi, ya ga duniya,
dubu goma sha takwas, ba ragi.
Aljihuna ya yi tari.

Arzika ya ce, bar kallon jiki, dubi wuya.
Nan ƙusa take, nan yake karyewa.
Kaɗa shi. In ya yi ƙwal-ƙwal tun yana sabo,
a daji zai bar ka da guntu a hannu.
Na kaɗa mai ƙyalli, ya yi mini rawa.
Na mayar da shi kwalinsa.

Na uku ba shi da kyan gani,
fentinsa ya goge wajen mariƙi,
amma wuyan ya tsaya ƙyam, bakin rabin inci ne,
tsawonsa daga gwiwar hannuna ya wuce yatsu da taƙi.
Na ce ko akwai wanda ya fi shi tsawo?
Ya ce, motarka ba tirela ba ce,
tsawo in ya yi yawa, ingarman ƙusar zai tsinke maka.
Ka haɗa da soket lamba sha tara, mai kusurwa shida,
mai sha biyu cin kunnen noti yake.

Muka fita wurin mota, na gwada kafin in biya.
Notin baya, wanda tsatsa ta aura,
ya yi ƙara ɗaya ya sallama.
Dubu goma sha ɗaya. Na ce tara.
Muka rabu a tara da ɗari biyar, da sayen shayi.

Wata uku ke nan yana kwance ƙarƙashin kujera,
tayoyina huɗu sun ƙi ko da tsiyaya,
kamar sun ji labari.
Jiya dai, gab da Maiyama,
na ga wani malamin asibiti tsaye kan sifanarsa,
farar riga ta jiƙe, yana lilo yana salati.
Na faka, na zaro, na ɗora,
na danna da hannun hagu.
Ƙiiƙ.
Abu ɗaya ya rage mini:
wayata ta ƙi yin ƙara.